Shekarar da na ji tsoron hadari

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni haifaffiyar unguwar Birni ce a nan Damagaram, aure ya kai ni Garin Malam. Shekaruna sun haura hamsin. Ɗinki nake yi a cikin gida, maigidana kuwa hatsi yake aunawa a Kasuwar Dole. Ɗiyata ce ke rubuta wannan a salula, ni ina faɗa mata. Abin da ya sa na ga ya kamata in yi magana shi ne na san akwai mata da yawa, har da maza, waɗanda da zarar gabas ta yi baƙi sai gabansu ya faɗi, amma ba sa iya gaya wa kowa don kada a ce ba su da tawakkali. Na daɗe cikin wannan hali, kuma Allah Ya kawo mini sauƙi ta inda ban zata ba.

Duk wanda ya san Damagaram ya san garin ƙishirwa ne. A kan dutse muke zaune. Manyan duwatsun nan da baƙo ke gani tsakanin gidaje, ƙarƙashin ƙasar ma haka take, shi ya sa rijiya ba ta cika yi mana rana ba, tun da daɗewa daga wajen gari ake janyo mana ruwa, daga Gogo da Macaya da Arunguza. Tsofaffi na cewa ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa Nasara ya ɗauke babban birnin ƙasa daga nan ya mai da shi Yamai a 1926. Da bazara famfo sai ya yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba, mu tashi tsakar dare mu jera bokitai, ko mu jira ƴan garuwa da kuɗin cefane a hannu.

Ina yarinya aka yi yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari. Na ga mutanen ƙauye sun cika gari da ƙwarya a hannu. Da aurena da ƴaƴana kuma aka yi ta 2005, bayan fara ta cinye gonaki kuma damina ta yi gardama. A shekarar nan dangin maigida da ke wajen Mirriya anza suka ci, a jiƙa ta ana zubar da ruwan har ɗacin ya ragu, sannan a dafa a ba yara. Saboda haka ni tun tasowata roƙon ruwa na sani. Maza su fita fili da rigunansu a juye, almajirai su bi gari da alluna, mu mata mu yi sadakar gumba. Ruwan farko idan ya sauka har guɗa ake yi. Ban taɓa jin wani ya kira ruwan sama da wani suna ba sai rahama.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, magini ne. Kowace shekara kafin damina sai ya hau soro ya duba indararo, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe inda ya zaizaye. Yakan ce mini, "Ƴar nan, ruwa ba ya gaba da gini. Hanya yake nema, in ka ba shi sai ya wuce." Ginin da ya yi da hannunsa a Birni har yau wasu na tsaye.

Tsoron ya shige ni ne a 2023, kuma ta salula ya shigo. A da labarin duniya sai a rediyo, a faɗa a wuce. Da yara suka saya mini babbar salula suka sa ni cikin rukunin WhatsApp na dangi da na matan unguwa, sai abin ya zama gani da ido. A watan Fabrairu girgizar ƙasa ta auka wa Turkiyya da Siriya, mutum fiye da 50,000 suka rasu. Na ga ana zaro jarirai daga ƙarƙashin gini cikin sanyi. Ranar 8 ga Satumba ƙasa ta girgiza a Maroko. Ba a gama jimamin wannan ba, daren 10 ga wata madatsun ruwa biyu suka ɓalle a saman garin Darna na Libiya, ruwa ya kwashe unguwanni sukutum ya zuba cikin teku, dubban mutane suka tafi suna barci.

Ɗana na fari yana Libiya a lokacin, yana aikin gini a gabashin ƙasar. Mu a nan ba mu san garuruwansu dalla-dalla ba, abin da muka sani kawai shi ne yana wajen da ake faɗa. Aka yi ta kiran lambarsa ba ta shiga. Kun san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na faɗi, balle in zauna gaban mutane ina kuka a kansa. Mata na shigowa suna cewa, "Inna, an ji labarin yaron?" sai in ce, "Yana hannun Allah," in ci gaba da taka keke, alhali ko zaren ba na gani. Da dare kuwa, idan kowa ya kwanta, sai in buɗe bidiyon gawawwakin da aka jera a bakin teku ina duba ƙafafunsu, ko zan gane nasa. Allah kada Ya nuna wa wata uwa irin wannan dare.

Da ya samu ya kira, cewa ya yi, "Inna, lafiyata lau, layi ne ya yanke gaba ɗaya." Ba cikin Darna yake ba, yana wani gari kusa, can ma ruwan ya yi ɓarna. Na yi sujada a tsakar gida. Aka yi sadaka, aka yi murna, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Amma faɗuwar gaban ba ta bar ni ba. Barci ya ƙaurace mini. Duk labarin ambaliya ko gobara ko girgizar ƙasa da aka turo, ko a wace ƙasa ce, sai na kalla har ƙarshe, in kwana ina juya shi a rai.

Sai daminar 2024 ta zo. Tun watan Yuni ake jin ɓarna nan da can. Aka ce Tawa, aka ce Maradi, aka ce hanyoyin shiga Yamai sun yanke har manyan motoci sun tsaya. Ina ji ina cewa a raina wannan mai zuwa ne. Wajen ƙarshen Agusta kuwa ya iso. Ƙasa ta riga ta sha ta ƙoshi, bangaye sun jiƙe tun daga gindi, ga wani ruwan ya sauko da dare kamar ana juye randa. Tun da garinmu dutse ne, ruwa ba ya nutsewa, gangarowa yake yi da ƙarfi ya bi lunguna. Maigida ya ce mu fito daga ɗaki mu tsaya a zaure, don shi ne mai rufin kwano. Muna tsaye ruwa na dukan ƙaurinmu muka ji katangar bayan gida ta zube, ɗakin da nake ɗinki ya bi ta. Ba mu gama salati ba muka ji wata ƙarar daga maƙwabta, sai kururuwar mace.

Maƙwabciyata ce, mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta fitar da manyan, ta juya za ta ɗauko ƙaramar sai ɗakin ya rufta. Samarin unguwa da hannu suka yi ta tonon laka da azara cikin duhu, da fitilar salula, kafin ƴan kwana-kwana su iso. Da aka fito da yarinyar rai ya riga ya yi halinsa. Ni na yi mata wanka da safe. Ni ce kuma na ɗinka mata rigar sallar da ta wuce.

Ranar Talata 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni ya faɗi. Masallacin ƙasa ne da aka gina tun ƙarni na 19, a unguwar da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa. Kakannina sun yi salla a cikinsa, mahaifina ya sa hannu a yaɓensa. Na tafi da ƙafata na gani, gani ya kori ji. Na tarar da dattawa tsaye gaban tarin ƙasa, wasu na share hawaye da bakin rawani. Bayan mako guda aka ce madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. Kafin damina ta ƙare hukuma ta ce kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, waɗanda abin ya shafa kuma sun kai miliyan 1 da rabi. Har komawa lakwal aka ɗaga daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, don azuzuwa cike suke da waɗanda gidajensu suka rushe. Mu ma a aji muka zauna, tun da sauran ɗakunanmu sun tsage, ba mai yarda ya kwana ciki.

A nan ne abin ya fi yi mini nauyi, ba don kwanan tabarma ko sauro ba. Addu'a ce ta gagare ni. Salla ina yi, ban taɓa bari ba, amma idan na ɗaga hannu sai in rasa abin da zan roƙa. In ce Allah Ya ɗauke ruwa? Ni da na ga El Buhari, na ga an ci anza, bakina ba zai iya ba, ga hatsi a gona yana neman ruwan da zai ƙarasa shi. In ce Allah Ya ƙaro? Ga yarinya mun binne. Idan hadari ya haɗo jikina rawa yake yi, sai kuma wani tsoron ya hau kan na farko: wace irin musulma ce ke gudun rahamar Ubangijinta?

Ga kuma maganganun mutane. Ana ta turo sautin murya a salula ana cewa azaba ce, zunubi ne ya yi yawa, duk wanda abin ya same shi ya binciki kansa. Wata ma ta faɗi haka a gaban maƙwabciyata, a zaman makoki. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Ba na musun cewa dukanmu masu laifi ne, kuma tuba wajibi ce a kan kowa. Amma na duba waɗanda ke kwance a ajin nan, ban ga mai gidan siminti ko ɗaya ba. Mai ƙosai ce, da mai wankau, da ɗan garuwa, da tsoho mai gadi. Mutanen da suka sayi fili a kwari ko a bakin tafki ne don can ne kuɗinsu ya kai. Zunubi bai san unguwar masu kuɗi ba ne? Maƙwabciyata kuwa ta daina cin abinci, tana ta maimaita, "Me na yi wa Allah?"

Akwai wata tsohuwar malama da ke koyar da matan aure a makarantar dare ta unguwarmu. Gidanta bai faɗi ba, amma kullum bayan la'asar sai ta zo ajin da sandarta da ɗan kwanon goro, ta zauna cikinmu. Ba wa'azi take yi ba, hira ce. Wata rana tana nan iska ta taso, gari ya yi duhu, ta ga yadda na miƙe ina shiga ina fita. Ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, zo zauna nan. Tsoro kike ji?" Na ce, "Malama, ina ji, kuma kunyar Allah nake ji a kan haka." Sai ta ce, "To saurara. Nana A'isha ta ba da labari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya ga hadari ko iska sai a gane a fuskarsa, ya shiga ya fita, ya kai ya kawo, sai ruwa ya sauka sannan hankalinsa ya kwanta. Ya san abin da iska ta yi wa Adawa, mutanen Annabi Hudu. Shi da ya fi kowa tawakkali ke nan. Tsoron ya ji wa al'umma duka, bai nuna gidan kowa da yatsa ba."

Ban taɓa jin wannan ba duk tsawon rayuwata. Na ce ta sake faɗa, ta sake.

Sannan na gaya mata yadda addu'a ta tsaya mini. Ta ce ai wannan ma an riga mu. Ta ba mu labarin mutumin da ya shigo masallacin Madina ranar Juma'a Annabi na huɗuba, ya ce dabbobi sun halaka, a roƙa musu ruwa. Annabi ya ɗaga hannu, ruwa ya sauko, aka yi mako guda ana yi. Juma'a ta zagayo aka sake tashi aka ce gine-gine sun rushe, hanyoyi sun yanke, a roƙi Allah Ya tsayar. Ta ce, "Kun ga bai ce masa kai ba ka da godiya ba. Murmushi ya yi, ya ɗaga hannu ya ce Allahumma hawalaina wa la alaina. Ya Allah a kewayenmu, ba a kanmu ba. Ya Allah a kan tuddai da duwatsu da cikin kwaruruka da inda itatuwa ke tsira." Ta ce nan take gajimare ya yaye daga saman Madina, ruwa ya ci gaba da zuba a kewaye.

Wallahi ji na yi an sauke mini kaya. Ashe akwai abin da zan roƙa wanda bai cuci manomi ba, bai kuma cuci mai ɗakin ƙasa ba. Ashe wanda ya roƙi ruwa jiya yana da damar ya ce yau ya yi masa yawa, kuma ba a kore shi daga ƙofar Allah ba. Maganar mahaifina ta faɗo mini, ta ba ruwa hanya. Ruwan na sauka a kan kwanon ajin, mu mata muna ta maimaita addu'ar, wasu na kuskure malama na gyarawa.

Kafin ta tafi ta matsa kusa da maƙwabciyata ta kama hannunta. Ta ce, "Ke kuma, wanda ya ce miki azaba ce ta ɗauki ɗiyarki, ki ce ya zo ya same ni. Annabi ya lissafa shahidai, a ciki akwai wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa. Ga ta kuma yarinya, ko alƙalami bai hau kanta ba." Matar nan ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Da dare ta sha fura.

Ba zan ce muku daga ranar tsoro ya tafi ba. Har yanzu idan aka yi tsawa gabana na faɗuwa. Abin da ya canja shi ne yanzu na san inda zan kai shi. Labarai ma ban daina ji ba, don ba na son in zama wadda ba ta san halin da ƴan'uwanta ke ciki ba. Sai dai na bar kallon gawawwaki, na roƙi matan rukuninmu su daina turo su, don mamaci ma yana da mutunci, kuma wata uwa na can tana duba ƙafafu yadda na yi. Da safe nake jin rediyo. Idan aka ambaci gari sai in riƙe sunansa, in kai shi cikin sujada. Da ruwa ya ci Mokwa a Najeriya a ƙarshen Mayun 2025, mutum fiye da 150 suka rasu, na yi kuka, na yi alwala, na roƙa musu gafara da matsayin shahidai, na roƙa wa iyayen da suka rage haƙuri. Daren nan na yi barci.

Kuma malama ba ta bar mu da tasbaha kaɗai ba. Ita ce ta ce mu je mu dubi inda ruwan ya bi. Muka tarar kwalbatin bakin lungunmu cike yake da leda da yashi da shara, shi ya sa ruwa ya juyo cikin gidaje. Masana a rediyo suna cewa yanayi ya canja, ruwa mai yawa na zuba cikin ɗan lokaci fiye da yadda aka saba a ƙasashenmu na Sahel, kuma ba a sa ran abin zai ja baya. To magudanar da aka bari ta toshe ba za ta ɗauka ba. Wani abin kuma da tsofaffin magina suka nuna mana: yawancinmu mun shafe bangon ƙasa da siminti muna ganin mun huta da yaɓe, alhali idan simintin ya tsage ruwa na shiga ta baya ya kwanta, bango ya ruɓe daga ciki ba wanda ya sani. Na ɗakin ɗinkina haka ya yi.

Kafin daminar 2025 samari suka yi gayya suka yashe kwalbatin, mu muka dafa musu abinci. Asusun da muke zubi duk mako muka mai da shi na gyaran gida, kowace ta ɗauka ta sayi abin da ya fi matsa mata. Da ɗaukata da abin da yaron ya aiko daga Libiya muka tayar da katanga, wannan karon da dutse a gindi, tun da dutse dai Allah Ya hore mana shi a Damagaram. Keken ɗinkina da aka tono daga laka wani mai gyara a kasuwa ya wanke shi ya sa masa mai, ya ƙi karɓar ko dala. Gonar dangin maigida kuwa, a wannan shekarar ta ambaliya, ta yi hatsin da suka daɗe ba su ga irinsa ba, har suka aiko mana da damma, muka raba da waɗanda muka zauna aji tare.

Maƙwabciyata ta koma tuyar ƙosai. Ɗaki guda aka samu aka tayar mata, ita da yaran duka a ciki suke, ɗayan har yanzu kango ne. Wani lokaci tana cikin tuya sai ta yi shiru, in na lura sai in ɗauki kujera in je in zauna kusa da ita, ba sai mun yi magana ba. Malama kuwa ƙafa ta matsa mata, ba ta iya fitowa, mu ke zuwa gidanta ɗaukar karatu, kuma yanzu mun fi da yawa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa baiwar Allah nan cikin addu'a, Allah Ya hore mata abin da za ta rufa ɗaki na biyu kafin wata damina. Ku sa malamarmu, Allah Ya ba ta lafiya. Yaron nan kuma ya ce yana son ya dawo gida ya kama sana'ar kakansa, ku taya ni roƙon Allah Ya kawo shi lafiya ta hanyar Agadas.